Baiwata Babarbariya

Ranar da na fara ganinta ba ta ma bari na ƙarasa sallama ba. Taron cin abincin Sallah ne na ɗalibanmu 'yan Arewa, a wani ɗaki da aka ara a bayan masallaci a Manchester, ni kuma sabuwar zuwa ce, har lokacin safa biyu nake sawa a kowace ƙafa. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta tsaya a kan hancina, sannan ta juya wajen matan da ke zuba shinkafa.

"Wa ya bar ƙofa a buɗe har Bafillatana ta shigo? Ku ɓoye madarar shayi."

Na ga lafayar da ta naɗe jikinta da ita, na ji ƙamshin turaren wuta da ya riga ta cika ɗakin, na san da wadda nake magana. Na ce, "Ikon Allah! Ashe har bayinmu an fara ba su visa."

Aka fashe da dariya, ita ta fi kowa. Tsakanin Fulani da Barebari haka abin yake tun kaka da kakanni, kowa ya ce ɗayan bawansa ne, a yi ta zolaya, ba a fushi kuma ba a kai ƙara. A gida ban taɓa ɗaukar wannan wasa a bakin komai ba. Fulatancin nawa ma a hanci ya tsaya, a Kano aka haife ni, yaren kuwa kakata ta tafi da shi kabari. Amma a garin da ba wanda ya san ko 'yar gidan wa ce ni, sai ga wata ta gane ni da kallo ɗaya, har ta zage ni yadda ya kamata. Kafin a tashi mun karɓi lambar juna. Na ajiye tata a wayata da sunan Baiwata, na leƙa tata wayar na ga ta rubuta Mai Nono.

Ni ina Whalley Range, a saman wani tsohon gida da aka yayyanka shi flat-flat, ni da 'ya'yana biyu, maigidana yana Kano wajen aikinsa. Karatun lafiyar jama'a nake yi. Ita tana Birmingham, a Balsall Heath, ta kama ɗaki a gidan wata Hajiya 'yar Kumasi mai aikin kula da tsofaffi. Malamar jami'a ce a gida, ta zo yin digiri na uku a fannin tarihi. Kusan kullum sai mun yi waya, ina girki tana surutu, kuma duk Asabar ɗin da hali ya yi sai ɗayanmu ta hau doguwar motar da suke kira coach ta je wa 'yar'uwarta. In ita ce ta zo, sai na tsaya a kanta ta kunna garwashin turarenta a bakin taga, don an taɓa fito da mutanen gidanmu kaf kan titi cikin ruwan sama saboda ƙararrawar gobara ta ji hayaƙinta. 'Yata ta fari, ranar da ta gane ma'anar sunan da nake kiran antin nata da shi, ta zaro ido ta ce, "Mum, you can't say that!" Muka yi ta dariya har yarinyar ta yi fushi ta shige ɗaki.

Tarihin ƙasarsu ba da son raina na koye shi ba. Ba ta iya yanka albasa ba tare da ta kai mutum Kanem ba. A bakinta na ji cewa kafin a yi Bornon da muka sani, daular tana gabas da tafkin Chadi ne, sarakunanta sun karɓi Musulunci tun da wuri, sun tanadar wa ɗalibansu masauki a Alƙahira, har raƙumin dawa sun taɓa aika wa sarkin Tunis kyauta, aka ratsa hamada da shi. In ta kawo nan sai ta nuna ni da wuƙa ta ce, "Lokacin kakanninku suna bin bayan saniya." Ni kuma in ce to su wa suka zo daga baya suka ci Gazargamu, babban birninku, in ba masu bin bayan saniyar ba? Sai ta ce wannan ai butulcin bawa ne ga ubangidansa, tarihi ya rubuta mana shi.

Amma ba a kan shekarun ƙarfi take rubutu ba. Abin da ya ci ranta shi ne tsakiyar labarin, lokacin da Bulala, maƙwabtansu na gabas, suka fi ƙarfinsu suka kore su daga Kanem. Sarki da jama'arsa suka zagayo yammacin tafkin, suka shiga ƙasar wasu mutane da ake kira So, aka yi ta yawo tsara bayan tsara babu tsayayyen birni, yau a kafa sansani a nan, baɗi a tashi. Masu rubuta tarihi sukan tsallake wurin da sauri su kai ga ginin sabon birni. Ita kuwa nan ta shimfiɗa tabarma ta zauna. Tambayarta ita ce, mutanen da aka koro da mata da yara da tsofaffi, wa ya ba su ruwa, wa ya ara musu gona? Ta ce an rubuta maƙwabta kamar ba su da aikin yi sai yaƙi, alhali ba mai yin tsawon wannan zamani a ƙasar wani da takobi kaɗai. Har wasanmu ta so ta sa a cikin aikin. A ganinta, maƙwabtan da suka cuci juna suka gaji, kuma dole su ci gaba da shan rijiya ɗaya, su ne ke mayar da zagi ya zama gaisuwa. Malaminta ya ce tunani ne mai kyau amma ina shaidarsa a rubuce? Ta yi sati tana masifa a kan wannan, ni ce kuma mai sauraro.

Babanta shi ne mutum na uku a wasanmu. Ɗan kasuwar bandar kifi ne a wani gari kusa da kogin da ya raba mu da Nijar. Mahaifiyarta ta daɗe da rasuwa, shi ya tsaya mata ta yi boko lokacin da 'yan'uwansa ke cewa ya isa haka. Tun ba ta rubuta ko shafi ɗaya ba yake kiranta Dakta. In ta kira shi ina kusa sai ya ce a ba shi Fulata, in karɓa in sassauta murya in gaishe shi yadda ake gaida uba, shi kuma ya ce, "Fulata, yaushe za ki zo ki share mini tsakar gida? Ubangidanki ya tsufa." In ce, "Baba, ai ku ne za ku zo ku tatsar mana shanu." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ban taɓa ganinsa ba sai a hoto. Duk wayar da za mu yi da ita da abu ɗaya nake rufewa: a gaida mini tsohon bawanmu.

Shekarun nan na tsuke bakin aljihu ne a Ingila, komai ka taɓa sai a ce babu kuɗi. Laburaren unguwarsu, inda take zuwa rubutu don ta sha ɗumi kyauta, council, wato hukumar gari, ta mayar da shi na rabin mako. Wurin da nake kai ƙaramin ɗana wasa da rana an rufe shi, an manna sanarwa a ƙofa. Sannan abin ya iso kanta. Wata rana ta kira ni, ko zagi babu.

"Sun haɗe department ɗinmu da wani. Supervisor ɗina zai tafi ƙarshen summer, kuma ba za su ɗauki wani ba. Shi kaɗai ke karanta Larabci a cikinsu."

"To sai yaya?"

"Sai in yi submit kafin ya tafi. In ban yi ba babu mai duba ni, visa kuma ba za ta jira ni ba."

Babi biyu suka rage mata, ga gyaran sauran. Na ce to yau ga ranar da bawa zai yi aikin da aka sayo shi dominsa. Ta ce Allah ya isa tsakaninta da Fulani, ta koma kan aikinta.

A daidai wannan lokaci rikicin yankinsu ya ƙazanta. Aka yanke layukan waya a can, garin babanta ya yi tsit. Labari sai ta bakin yayanta da ke Maiduguri, shi ma sai ya yi tafiya ya nemo inda waya ke kamawa. Ya ce mutane na ta fita, amma Baba ya ƙi barin gidansa. Ta rame. Takan ajiye wayarta a gefen kwamfuta, tana rubutu tana satar kallonta.

Ni yayan ya kira. Ina zaune a wajen GP, likitan unguwa, da ɗana mai tari, da rana tsaka, na ga lambar Najeriya da ban sani ba. Na fita bakin ƙofa. Ya gabatar da kansa, ya yi doguwar gaisuwa, irin wadda tun ba a ƙarasa ta ba gabanka ke faɗuwa. Sannan ya ce Baba ya rasu. An shiga garin, kowa ya fita da ƙafa, shi ma dole ya bi. Sun tsallaka kogi zuwa ɓangaren Nijar, tafiyar ta fi ƙarfinsa, ga ciwon sukari ga babu magani, ya cika a wani ƙauye. Mutanen ƙauyen suka yi masa wanka da sutura suka binne shi a maƙabartarsu. Wani maƙwabcinsa da aka yi komai a gabansa shi ya kawo labarin, ya haɗo da hularsa.

Na yi salati. Na ce bari in kwashi yara in kama hanyar Birmingham yanzun nan.

"A'a, Hajiya. Shi ya sa na kira ki ban kira ta ba. Manya sun zauna, an ce kada a gaya mata sai ta gama."

Na ce wane irin kada a gaya mata? Ubanta ne fa! Na ɗaga murya har wata Baturiya mai tura keken jariri ta waiwayo. Ya bar ni na gama, sannan ya ce in ta ji yau, gobe za ta rufe littafi ta hau jirgi, kuma in ta zo ina za ta? Garin ba ya shiguwa, kabarin yana wata ƙasa, ko sunan ƙauyen shi bai riƙe daidai ba. Ta rasa uba, ta kuma rasa abin da uban ya ƙarar da ƙarfinsa a kai.

"Ke ce kusa da ita. Ki tsare mana ita, kada ta ji a bakin wani."

Na san wannan al'ada tamu, kuma na daɗe ina zaginta. Mu ne za a binne mutum da safe, da yamma a kira ɗansa da ke nesa a ce jikin Baba ya ɗan matsa, ka yi ƙoƙari ka zo. Mu ɓoye wa mai ciki, mu ɓoye wa mai jarrabawa, mu ɓoye wa wanda ya tafi aikin hajji. Na sha faɗa a gaban mutane cewa rainin hankali ne. Ranar nan a bakin ƙofar GP sai ga abin ya zo kaina. Na ji haushinsa, na ji haushin manyan da suka zauna a inuwa suka yanke hukunci suka ɗora wa wata baiwar Allah a Manchester, amma daga ƙarshe na ce to.

Da yamma ta kira kamar kullum. Na ɗauka na ce, "Sannu da aiki. Ya ƙarfin jiki? Kin dai ci abinci ko?"

Ta ce, "Mai Nono, lafiya? Wa ya mutu?"

Da wasa ta faɗa. Nan na gane irin aikin da aka ba ni. Kowa in zai ɓoye mutuwa da lallashi yake ɓoye ta, ni kuwa lallashin ne zai tona ni, don tunda muka haɗu ban taɓa yi mata magana mai daɗi ba. Na ce tausayinta nake ji, na ji an ce council za ta fara karɓar haraji a kan turaren wuta, Barebari sun shiga uku. Ta ja tsaki ta ce dama ta san alheri ba ya fitowa daga bakin Bafillatana. Muka yi hira. Da za mu rufe ta ɗan jira, ni ma na san abin da take jira.

"A gaida mini tsohon bawanmu in an sami layi."

"Zai ji," in ji ta.

Na ajiye wayar, na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada yara su ji ni.

Yayan nata ya ƙware. Duk bayan 'yan kwanaki sai ya kira ta da sabon labari. Wani direba ya ga Baba a kasuwa, ya ɗan rame amma da ƙafarsa yake tafiya. Wani ya ce yana gaishe ta, ta dage da karatu. Ita kuma ta kawo mini labarin da ɗuminsa, ni in ce ai na gaya mata, taurin kan Babarbare ba ya barin komai ya same shi. Na kuma zama 'yar sanda. In na ji wani ɗan Borno ya iso Birmingham sai in riga ta samun lambarsa in ja masa kunne. Da na kai wa maigidana kuka ta waya, cewa ya yi manya sun fi ni hangen nesa, in yi haƙuri. Kwana biyu ban ɗauki wayarsa ba.

Mutum ɗaya na gaya wa a Birmingham, Hajiyar da take zaune a gidanta, don abin ya fi ƙarfin cikina. Mace ce mai jiki, ba ta da yawan magana, ta yi shekaru tana wanke tsofaffin Turawa tana juya su a gado. An rage mata lokacin aiki a shekarar, amma tukunyarta ba ta ragu ba. Na same ta a kicin na faɗa mata a tsaye. Ta daɗe tana goge hannu da tsumma. Ba ta ce daidai ne ba, ba ta ce kuskure ne ba, ranar da ya rasu kawai ta tambaye ni.

Ashe riƙewa ta yi. Ranar da ya cika arba'in, ana gab da kama azumi, na zo Birmingham na tarar ta soya waina cike da babbar roba, za a kai masallacin unguwa. Baiwata ta biyo ƙamshi ta sauko daga sama da tabarau a goshi, ta ɗauki ɗaya tana hurawa.

"Hajiya, wannan fa? Suna aka yi?"

"Sadaka ne. Wani tsoho ya rasu a gida."

"Allah sarki. Allah ya jiƙansa," ta faɗa da waina a baki. Ta ƙara ɗaukar biyu, ta ce in an gama ita za ta kai masallacin, dama tana son ta miƙe ƙafa. Ita ta kai kuwa. Na tsaya a taga ina kallonta rungume da robar, bakin lafayarta na jan ƙasa, ta tsaya tana gaisawa da mai shagon kwana.

Azumin shekarar mai tsawo ne, rana ba ta faɗuwa sai mutum ya manta da ɗanɗanon ruwa. A haka ta rubuta babi guda. Da Sallah ta zo mana Manchester da alawa a jaka, ta ce ta yi mafarkin Baba, ta gan shi da ƙuruciyarsa yana ɗaure kwalin kifi, bai ce mata komai ba. Ta tambaye ni ko na san fassararsa. Na ce fassararsa ita ce Barebari ko a mafarki cikinsu suke bi. Ta yi dariya, amma ba ta kai ciki ba, ta daɗe tana juya kofin shayi a hannunta. Ranar na kusa faɗa. Na buɗe baki, sai ta ce saura mata babi ɗaya, in Allah ya yarda kafin Baba ya sami layi ta gama. Na rufe bakina na tashi na kwashe kwanuka.

Ranar da ta kammala na ƙarshen ta zaunar da ni a bakin gadonta ta karanta mini wani yanki, tana juya shi da Hausa. A tsohon jerin sarakunansu, in ji ta, akan ambaci sarki da uwarsa da wurin da ya rasu. Na zamanin yawon nan, da yawansu a wuraren da yau ba wanda ya san inda suke suka rasu, sunan wuri kawai ya rage.

"Amma ki duba, Mai Nono. Duk inda aka rubuta sunan nan, akwai waɗanda suka haƙa rami, akwai wanda ya ɗebo ruwan wanka, wataƙila ma ba yarensu ɗaya da mamacin ba. Su nake nema. Nobody wrote them down."

Ta ɗago tana jiran in ce wani abu. Na ce ban taɓa ganin an tara Turanci mai yawa haka a kan mutanen da aka kora da gudu ba. Ta jefe ni da filo. Aikin ya yi kyau ƙwarai, kuma ban gaya mata ba.

Ta miƙa shi kafin malamin nata ya kwashe littattafansa daga ofis. Aka sa mata ranar kare aikin lokacin da ganyen bishiyoyi ya fara zuba. Na bar yara wajen maƙwabciya, na zo na zauna a benci a wajen ginin, hannuwana cikin aljihun kwat. Da ta fito ta tsaya a gabana ta ce, "Tashi ki gaida Dakta." Gyara kaɗan suka ba ta. Na rungume ta na ce yau dai bawa ya yi abin kai.

Ta ce mu biya ta unguwar Sparkhill. A Stratford Road ta shiga wani shagon kayan maza, ta sa aka sauko mata da rigunan sanyi masu kauri, tana gwada faɗin kafaɗa a jikinta, tana cewa tunda Baba ya rame ƙila medium ta ishe shi yanzu. Tana cikin haka ta kira yayanta ta gaya masa sakamako. Na ji tana cewa, "Yaya, ko ta wace hanya ce ka nemo mini muryar Baba. Ko direban nan ne ka ba shi waya ya kai masa." Ba ta daɗe da ajiyewa ba tawa ta yi ƙara, yayan ne. Na fita waje.

"Hajiya, ki gaya mata. Wallahi ni ba zan iya ba."

Na faɗa masa abin da ban taɓa faɗa wa namijin da ya girme ni ba, ba kuma zan maimaita shi a nan ba. Da na koma ciki ta riga ta biya, mai ruwan toka ta zaɓa. Na karɓi ledar na riƙe mata har gida.

Hajiya tana falo, ta dawo daga aiki ko takalmi ba ta cire ba. Ta dubi fuskata, ta miƙa hannu ta kashe talabijin. Baiwata tana ta ba ta labarin tambayoyin da aka yi mata. Na kira ta da sunanta, sunan da babanta ya raɗa mata. Ban taɓa kiranta da shi ba, har bakina ya ji shi baƙo.

Ta tsaya da maganar a tsakiya. Ta dube ni, ta dubi Hajiya, ta zauna a hannun kujera.

"Baba ne?"

Na ce sai haƙuri.

Ba ta yi ihu ba. Ta yi ta maimaita innalillahi a hankali, sannan ta fara tambaya ɗaya bayan ɗaya: a ina, me ya same shi, wa ya yi masa wanka, an sami likkafani, an yi masa salla? Na faɗi abin da na sani, wanda ba shi da yawa. Daga ƙarshe ta ce, "Yaushe?"

"Tun kafin azumi."

Ta daɗe tana kallona. "Ke kuma yaushe kika ji?"

Na gaya mata. Ta tashi ta hau sama, muka ji ƙarar famfo tana alwala.

An yi zaman makoki a falon Hajiya, watanni bayan an tashi daga na Maiduguri. Mutanen Kumasi suka zo da abinci, ɗalibai suka zo daga Manchester, aka yi addu'a. Ta karɓi gaisuwar kowa cikin natsuwa. Ni ina kicin ina wanke kofuna, don ban san inda zan zauna ba, cikin masu gaisuwa ko cikin masu karɓa. Da aka watse a rana ta uku, bayan la'asar, na same ta a ɗakinta a kan sallaya. Na zauna a ƙasa na fara jero abin da na daɗe ina shiryawa, maganar malaminta, maganar visa, wahalar da Baba ya sha a kanta, da cewa ko ta tafi ba abin da za ta tarar. Na ce ni ban yarda da shawarar ba tun farko, amma ga shi ta gama, kuma abin da yake so ke nan. Ta bar ni na kai ƙarshe.

"Na sani," ta ce. "Da na ji da na tafi, gaskiyarku ne. Ban ce don mugunta kuka yi ba."

Ta gyara bakin sallayar da yatsa.

"Amma duk azumin nan, kowace sujada, lafiya nake roƙa masa. Allah ka ba Baba lafiya, Allah ka tsare shi a hanya, Allah ka sa ya sami maganinsa. Goman ƙarshe ban saurara ba. Yana kwance a cikin ƙasa a garin da ba shi da kowa, gafara da rahama yake jira daga wajena, ni kuma ina nan ina roƙa masa maganin sukari. Lokacin da ya fi buƙatata kuka bar shi shi kaɗai."

Na yi tunanin digirinta, na yi tunanin fushinta, na yi tunanin jirgi da hanya. Wannan kuwa ko sau ɗaya bai taɓa zo mini ba, haka yayanta, haka manyan da suka zauna. 

Ta yi gyaranta ta miƙa, ta haɗa kaya. Na zo rakiya tashar coach ɗin da zai kai ta filin jirgi, da safe ana yayyafi. Muka tsaya a layi. Da direba ya fara karɓar akwatuna na ga in ban gwada yanzu ba shi ke nan. Na ce, "To baiwata, in kin isa ki gaya wa Barebari uwargijiyarsu na nan tafe, a share gida."

Ta dube ni, babu fushi a idonta, da akwai ma da na fi so. Ta kama hannuna da hannu biyu.

"Hajiya, na gode da ɗawainiya. Allah ya saka da alheri. A gaida yara."

Yanzu duk mun koma gida, tana koyarwa a can, ina aikina a Kano. A bakin wasu na ji cewa da hanya ta buɗe ta tsallaka kogin, ta bi ƙauyuka tana tambaya har aka nuna mata kabarin. Duk Sallah tana kirana, ba ta taɓa fashi ba. Ta tambayi maigida, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi aiki, in ce lafiya lau, ta yi mini kyakkyawar addu'a. Ina kewarta ƙwarai. In ta gama nakan ɗan yi shiru da wayar a kunne, ko za ta zage ni, sai ta ce, "To Hajiya, sai an jima."